Marurun da na matse da hannuna

Akwai tabo biyu a jikina da ciwo ɗaya ya bar mini, ciwon shigar ƙwayar cuta cikin jini. Ɗaya yana bayan cinyata ta hagu, bai kai faɗin farce ba. Ɗayan yana kwiɓina, inda aka soka siririn bututu aka zuƙo mugunya daga can cikin jiki. Tsakanin na farko da na biyu kwana 22 ne, 3 daga ciki kuwa ban san inda kaina yake ba. Abin da zan faɗa game da waɗannan kwanakin daga bakin uwargida da ƙanena na ji shi. Sauran kuwa jiki magayi.

Shekarata 47 a lokacin, kuma ina cikin masu bugun ƙirji da cewa ba su san hanyar asibiti ba. A shekarar nan maruru suka sa ni gaba. Wannan ya fito a hammata ya warke, wani ya ɓullo a ƙeya. Ga ƙishirwa da ba ta jin ruwa, ga tashi fitsari sau huɗu sau biyar kafin gari ya waye, wando kuma ya fara yi mini yawa. Kowanne na samo masa dalili. Ƙishirwa zafi ne, fitsari ruwan da na sha ne, rama kuwa aiki ne. Ban taɓa haɗa su wuri ɗaya na tambayi kaina ko uwarsu ɗaya ba. Ashe ciwon suga ne ya daɗe yana cina a ɓoye.

Sai na cinya ya fito. Ya fi 'yan'uwansa zafi, ga shi a daidai inda zama ke taɓawa. A rana ta uku haƙurina ya ƙare. Na samo allurar ɗinki, na gasa bakinta a wuta, na huda shi. Uwargida tana tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Maigida, ka bar shi ya nuna mana, ko ka je a duba maka." Na ce mata maruru ne fa, ba harbin bindiga ba. Na sa yatsu biyu na matsa iya ƙarfina har mugunya ta ƙare jini ya biyo baya, na ƙara matsawa wai don kada a bar saura. Cikin kwana 4 bakin ya bushe. Har gori na yi mata.

Kwana 10 da wannan aikin, da tsakar rana ana zafi, sanyi ya kama ni. Ba irin sanyin zazzaɓin da na saba ba. Haƙorana suna haɗuwa har ana ji, gado yana girgiza, bargo biyu ba su tsinana komai ba. Bayan kamar rabin awa ya sake ni, zufa ta karyo kamar an sheƙa mini ruwa, na ji dama-dama. Daga baya aka gaya mini cewa irin wannan rawar ɗari mai girgiza gado tana cikin abubuwan da ke sa likita zargin ƙwayar cuta ta shiga jini. Ni kuwa a ranar maganin zazzaɓi na haɗiya, washegari na ɗora da na cizon sauro ba tare da gwaji ba. Da abin ya ƙi, sai na tuna da kafso na amoksisilin guda 6 da suka rage tun ciwon haƙorin bara. Na riƙa shan ɗaya safe ɗaya yamma, ina ganin kaina wani likita. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa da hannuna na saƙala shi a wuya.

A rana ta uku bayana ya riƙe, can ƙasa wajen ƙugu, ciwon yana gangarowa cikin cinyar hagu. Ƙafar ba ta miƙuwa, sai na lanƙwashe ta nake samun sauƙi. Na ce kwanciya ce ta yi yawa.

Daga rana ta biyar labarin ya koma hannun uwargida. Ta ce da safe na kira 'yarmu da sunan mahaifiyata, wadda ta shekara 9 da rasuwa. Ta ce numfashina ya koma irin na wanda ya sha gudu, alhali ina kwance. Ta taɓa goshina ta ji wuta, ta taɓa tafin ƙafata ta ji ƙanƙara. Amma abin da ya fi tayar mata da hankali wani ne: mutumin da ke hana ta barci da zaryar fitsari, tun daren jiya bai tashi ko sau ɗaya ba. Ta kira ƙanena. Wai na ce musu babu inda za ni. Ƙanena, wanda bai taɓa musa mini ba tunda ya yi wayo, ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, yau ba da shawararka za a yi ba." Ya saɓe ni ya sa a mota.

Shi ne ya kwafi lambobin farko a bayan wata takarda, har yanzu tana wurina. Awon jini 84 bisa 50. Bugun zuciya 128 a minti. Numfashi 30. Zafin jiki 39.6. Suga ya haura 400. Akwai abu uku da ma'aikatan lafiya kan duba a tsaye ga mai alamun kamuwa da ƙwayar cuta: numfashin da ya kai 22 a minti, awon jini na sama da ya sauka zuwa 100 ko ƙasa, da ruɗewar hankali. Biyu daga ciki sun isa a tashi tsaye. Ni na haɗa duka ukun.

Likitar da ta karɓe mu yarinya ce, ba ta fi sa'ar ƙanwata ta ƙarshe ba. Ta tambayi uwargida, "Hajiya, me ya sha a gida? Ki gaya mini duka, kada ki rage." Uwargida ta zazzage ledar magungunan a kan tebur. Ta ce likitar ta ɗauki fankon kafson ta juya shi, ba ta ce uffan ba, ta dai yi ajiyar zuciya.

Sai da na warware na gane dalilin ajiyar zuciyar. Kafin a sa mini ko ɗigo na maganin kashe ƙwayoyin cuta, sai da aka ɗebi jini a hannun dama da na hagu, aka zuba a kwalabe 4, kowacce kimanin mililita 10. Wannan gwajin suke kira kalca. A cikin kwalbar akwai ruwan da bakteriya ke ci su hayayyafa, ana ajiye ta a na'ura mai ɗumi irin na jikin mutum, a jira a ga ko wani abu zai tsiro. Wata kwalbar ta masu son iska ce, wata ta waɗanda ba sa rayuwa a cikinta. Ɗiba a wuri biyu ma da dalilinsa. Fatar kowa tana ɗauke da bakteriya, saboda haka wadda ta fito a kwalba ɗaya kaɗai tana iya zama daga fata ta maƙale wa allura, wadda ta fito a duka kuwa babu ja, a jini take. Ana gaggauta ɗiban jinin kafin magani ne domin magani yana iya kwantar da ƙwayar ta ƙi tsirowa a kwalba, alhali tana nan da ranta a jiki. Tsoron likitar shi ne kafsona 6 sun rufe musu ido, su yi ta lalube a duhu.

Ba a jira sakamako ba. Kafin awa ɗaya ta cika an ɗaura mini magani iri biyu ta jijiya, irin masu kama ƙwayoyi da yawa, tunda ba a san wace ce ba tukuna. Aka kwarara mini ruwa kusan lita 2 cikin ɗan lokaci, bisa lissafin mililita 30 ga kowane kilo na nauyina. Aka sa insulin, aka sa iskar taimakon numfashi, aka sa robar fitsari don a riƙa auna abin da ƙoda ke fitarwa awa-awa. Duk da haka jinin ya ƙi tashi. Aka wuce da ni sashen kulawa ta musamman, aka sa bututu a babbar jijiyar wuya, ta nan ake tura noradirenalin, maganin da ke tsuke hanyoyin jini. An gaya wa ƙanena ya shirya, wataƙila sai an yi wankin ƙoda. Allah ya taƙaita, a rana ta uku fitsari ya dawo.

Da na farfaɗo, abin da na fara gani fuskar uwargida ce, ta zabge kamar ita ce mai jinyar. Da likitar ta zo zagaye na ce, "Likita, me ya same ni?" Ta ja kujera ta zauna. Ta ce abu biyu ne, kada in haɗa su. Na farko bakteriya sun shiga jinina suna hayayyafa. Na biyu abin da jikina ya yi da ya gan su, shi ake kira sefsis. Garkuwar jiki ce ke tashi da yaƙi ko'ina a lokaci guda, hanyoyin jini su saki su buɗe, ruwa ya riƙa tsiyaya daga cikinsu, jini ya faɗi, ƙoda da ƙwaƙwalwa da huhu su rasa rabonsu. Na ce wato kamar wanda ya ga ɓera a ɗaki ya cinna wa ɗakin wuta. Ta yi dariya ta ce bai yi nisa ba. Ta ƙara da abin da ya ba ni mamaki, cewa shigar bakteriya jini ba baƙon abu ba ne. Ko goge haƙori aka yi da ƙarfi wasu kan zille su shiga, fararen ƙwayoyin jini su share su cikin mintuna, mutum bai ma sani ba. Matsala tana zuwa ne in sun shiga da yawa, ko sun samu inda za su fake, ko masu gadin sun yi rauni. Suga in ya yi yawa yana kashe wa fararen ƙwayoyin jini kuzari. Ni kuwa ga masu gadi sun galabaita, ga shi na tura ɓarayin ciki da yatsuna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni ne kuma na tsaga bangon.

Ashe kafson bai hana komai tsirowa ba. Awa 14 kacal kwalaben suka yi, duka huɗun suka nuna. A ɗakin gwaji aka shafa jinin a gilashi aka rina shi da rinin da wani likita ɗan ƙasar Denmak mai suna Gram ya ƙirƙiro a 1884, wanda har yau da shi ake raba bakteriya gida biyu, masu riƙe launin shuɗi mai duhu da masu sakinsa. Nawa sun riƙe, ga su ƙulu-ƙulu a cure kamar nonon inabi. Sunanta ma daga nan ya samo asali, Istafilokokus, da harshen Girka nonon inabi ke nan. Ma'aikatan asibiti istaf kawai suke cewa. Ba daga wata duniya ta zo ba. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana yawo da ita a hancinsa lafiya ƙalau, kuma ita ce uwar yawancin maruru.

Bayan kwana biyu sakamako na gaba ya fito, wanda ake jera wa ƙwayar magunguna a ga wanne take ji. Amoksisilin ɗina ko gezau. Yawancin istaf sun daɗe da koyon narkar da shi da danginsa na fenisilin. Wato kwana 3 na yi ina haɗiyar abin da ba ya taɓa ta, ina ba ta lokaci. Sa'ar da na yi, tawa ba irin mai taurin kan nan ba ce da ake kira MRSA, wadda aka fara ganowa a Ingila a 1961. Sai aka sauke bankomaisin da aka fara da shi, aka koma kulokzasilin, ta jijiya, duk bayan awa 4, dare da rana. Na tambaya me ya sa za a bar babban magani a koma ƙarami. Aka ce babu babba babu ƙarami, akwai dai wanda ya dace, kuma ga irin tawa wannan ya fi kisa.

Da aka dawo da ni ɗakin jinya na kowa da kowa na gane ba ni kaɗai ba ne, sai dai kowa da ƙofar da ta shigo masa. A damana wani dattijo ne da kumburin furostet ya riƙe masa fitsari, aka sa masa roba ta daɗe a jikinsa. Tasa Ikolai ce, wadda gidanta hanji ne, ta haura mafitsara, ta kai ƙoda, ta faɗa jini. Ita ce aka fi samu a irin wannan gwaji a ƙasashe da yawa. 'Ya'yansa sun ce shi ko zazzaɓi bai yi ba, jikinsa ma sanyi ya yi, ya daina cin abinci ya fara sambatu, suka ɗauka tsufa ne. A can ƙarshen ɗaki akwai saurayi mai sikila, wanda ciwon ya kashe masa saifa tun yana yaro. Saifa kuwa ita ce matatar da ke kama wasu bakteriya, irin masu kawo ciwon huhu, shi ya sa ake matsa wa masu sikila da waɗanda aka cire wa saifa su yi allurar rigakafi. Uwargida kuma ta ba ni labarin wata mai jego a ɓangaren mata da zazzaɓi ya rufe kwana uku bayan haihuwa. Jarirai sababbin haihuwa, masu shan maganin daji, masu cutar da ke karya garkuwar jiki, waɗanda aka yi wa tiyata, duk layinmu ɗaya.

A haguna kuwa wani matashi ne mai wankin ƙoda, bai kai 30 ba, mai fara'a, shi ke sa mu dariya da dare. Tasa ta bi bututun wankin da ke wuyansa ne, kuma MRSA ce. Shi ya koya mini cewa bakteriya in suka samu roba a cikin jiki sukan lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa, sai dai a zare robar. An zare tasa, amma kafin nan ƙwayar ta riga ta sauka a kan ƙofar zuciyarsa.

Ni dai zazzaɓina ya ragu amma bai tafi ba. Duk bayan kwana biyu sai a sake ɗiban jini. Na biyu ya tsiro. Na uku ma ya tsiro. A ranar sai likitar ta zo tare da babbanta, wani mai furfura marar yawan magana. Ya duba takardu ya ce, "Malam, maganin daidai ne, awonsa daidai ne, ƙwayar tana jin sa. In har tana ci gaba da fitowa, to akwai inda ta yi gida a jikinka. Sai mun nemo shi." Halin istaf ke nan. In ta shiga jini ba ta tsayawa yawo, sai ta nemi wurin zama: ƙofofin zuciya, ƙashi, gaɓoɓi, tsoka, ko wani ƙarfe ko roba da aka dasa wa mutum. Aka fara da zuciya. Aka yi hoto ta ƙirji, bai gamsar da su ba, aka zura na'ura ta maƙogwaro aka leƙa ta baya. Babu komai, alhamdulillahi. Sai dattijon likitan ya tsaya a gefen gadon yana kallon yadda na kwanta. Ya ce me ya sa kullum ƙafar hagu a lanƙwashe take. Na ce ciwon baya ne, tun a gida, na kwanciya. Ya ce in juya, ya kama ƙafar ya ja ta baya a hankali. Ihun da na yi sai da ya tashi dattijon da ke barci.

Abin da ke ba ni haushi da kaina har yau, ban gaya wa kowa ciwon bayan nan ba. A ganina an zo maganin jini, me ya haɗa shi da baya?

Hoton maganaɗisu ya nuna mugunya ta taru a cikin tsokar da ta taso daga ƙashin baya ta gangara cinya, ƙwayar kuma ta taɓa faifan da ke tsakanin ƙasusuwa biyu na gadon bayan. Aka yi mini bayani cewa jini ne ke kai magani ko'ina, cikin mugunya kuwa jini ba ya shiga, saboda haka maganin yana kewaya bakin ramin ne kawai, na ciki suna zaune lafiya suna aiko 'ya'yansu. Washegari aka kashe mini wurin, aka soka bututu ana kallon hoto, aka zuƙo abin da ya kusa rabin kofi. A daren nan na yi barcin da na manta irinsa. Jinin da aka ɗiba bayan kwana biyu aka ajiye shi kwana 5 cur, babu abin da ya tsiro.

Na ɗauka an gama. Sai aka ce yanzu ne ma za a fara ƙirga, daga ranar da jini ya fito da tsabta, mako 6 ta jijiya.

A nan ne na kusa sake yin wauta ta biyu, wadda da ta fi ta farko. Zuwa mako na biyu ina cin abinci, ina takawa, ina hira. Dattijon damana kwana 7 aka yi masa, aka canza masa roba, ya tafi gida. Masu zuwa dubiya suka fara, "Ai ka warke, me kuma kake jira?" Wani ma ya ja ni gefe ya ce riƙe ni kawai ake yi. Aikina yana can ya tsaya, yara suna gida, jijiyoyin hannuna duk sun kumbura sun taurare saboda zafin maganin. Maganar ta shige ni. Na tare likitar na ce a sallame ni, a ba ni na haɗiya. Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Malam, ba zan ɗaure ka ba. Amma ka ji. Ƙwayar wancan baban daga fitsari ta taso, an gyara hanyar, mako ɗaya ya ishe shi. Taka ko mafi sauƙinta ma ba ta ƙasa da kwana 14 ta jijiya. In ta taɓa ƙashi, mako 6 ne. Jin sauƙinka ba shi ne shaidar ta mutu ba. In ka tafi yanzu, an kashe maciji ba a sare kansa ba, kuma in ta dawo a ƙashin baya, ƙafafunka muke tsoro." Ta kuma gaya mini cewa cikin waɗanda istaf ke shiga jininsu, kusan ɗaya cikin biyar ba sa wuce wata guda, ko da ana yi musu magani.

Na ce zan yi tunani, amma a raina na riga na ɗaure kaya. A daren jibi ne numfashin maƙwabcina na hagu ya canza. Aka ja labule, aka yi ta kai da kawo, aka fita da shi a guje. Da gari ya waye wata nas ta zo ta cire zanen gadon ta shimfiɗa sabo. Mahaifiyarsa ta dawo ɗaukar kayansa, ta tsaya ta yi mini sannu, ni da ya kamata in yi mata ta'aziyya na kasa buɗe baki. Ban sake tayar da maganar sallama ba.

Aka sa mini dogon siririn bututu a dantse wanda ke kaiwa babbar jijiya, don hannuwana su huta. Daga nan na zama mai sa ido, domin na riga na ga abin da bututu ke iya jawowa. Akwai nas ɗin da in za ta sa magani sai ta goge bakin bututun da auduga mai sinadari tana ƙirga 15 a hankali, ta bari ya bushe. Akwai kuma wadda ta zo wata rana daga gadon wani kai tsaye ta miƙo hannu. Na ce, "Sista, don Allah a wanke hannu tukuna." Ta haɗe rai, amma ta je ta wanke. Ban ji kunya ba. Tun 1847 wani likita mai suna Semelwais ya nuna a birnin Biyana cewa wanke hannu kaɗai yana rage mutuwar masu jego, kuma a ganina majinyaci yana da haƙƙin tunatarwa, ko da za a ce ya cika iyayi.

Wanda ake tasa duk bayan awa 4 ba ya samun barcin kirki, sai na koma karatu a waya. A nan na ga ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ambata, cewa a 2017 mutum miliyan 48.9 ne suka yi sefsis, miliyan 11 suka mutu, wato kusan ɗaya cikin biyar na duk mace-macen duniya a shekarar. Har rana aka ware masa, 13 ga Satumba. Ni kuwa na kai shekara 47 ban taɓa jin sunan ba. Na kuma ci karo da labarin Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928. Da aka ba shi lambar Nobel a 1945 ya yi gargaɗi cewa mai shan maganin ƙasa da ƙima ba kashe ƙwayar yake yi ba, horar da ita yake. Na ajiye wayar na daɗe ina kallon rufin ɗaki. Kafson nan 6 ba daga sama suka faɗo ba. Ragowar maganin da aka ce in shanye ne bara, na ji sauƙi na ajiye.

Kwana 51 na yi a asibiti. Na fito da ragin kilo 11, da insulin, da na'urar gwada suga. An ba ni man shafawa a cikin hanci da sabulun wanka na musamman na kwana 5, don a rage istaf ɗin da ke zaune a jikina. Abin da ba wanda ya shirya ni a kansa shi ne bayan fitowar. Matakala 10 sai na huta a tsakiya. Gashina ya riƙa zuba. In ana magana sai kalma ta ɓace mini a baki, ni da aka sani da riƙe lissafi a ka. Da dare ina mafarkin ƙarar na'urorin nan, in farka a jiƙe. Wata rana na ɗan ji sanyi bayan wanka, sai ga ni ina rawar jiki don tsoro, ba don zazzaɓi ba. Da na gaya wa likita a ranar komawa, ta ce hakan yana samun da yawa daga waɗanda suka tsallake sefsis, yana iya ɗaukar watanni. Ni ya kai ni kusan rabin shekara kafin in ji na dawo mutum.

Wata 8 da sallamata, wani ya ɓullo a ƙeyata, ɗan ƙarami kamar ƙwayar gero. Na san dalili, domin makonnin nan na yi sakaci da gwajin suga. Ina tsaye gaban madubi sai na ga hannuna ya tafi wurin da kansa, yatsu biyu a shirye. Uwargida tana bayana, wannan karon ba ta ce komai ba, mayafinta kawai ta ɗauko. Nas ɗin da ta karɓe mu ta leƙa ƙeyar ta ce, "Baba, wannan ɗan abin ne ya kawo ka?" Na ɗaga mata riga na nuna mata tabon kwiɓi. Ta daina murmushi, ta wanke hannu, ta ɗauko abin gwada suga.